Ranar da Gwaggo ta Rufe Talabijin da Mayafinta

Laifina ne, na faɗa tun farko, kada wani ya ɗora wa yarinyar. 'Yar yayana ce, ta nace sai ta je Jidda ta karanci haɗa fim, ubanta ya ce sam. Saura mako guda a rufe rajista ta zo mini ido jawur, tana kirana Ammi, baffa ke nan da Larabci. "Ammi, kai ka zaga duniya, ka yi masa magana mana." Ni kuma da bakina na ce ta bar mini, zan kawo fim ɗin da zai nuna wa Yaya abin nan ilimi ne, ba rawa da juyi ba.

Fim ɗin na Turawa ne, na ji an yi ta rigima a kansa, ban tsaya tambayar rigimar mece ce ba. A jirgi na gan shi. Na manta na jirgi a yayyanke yake, kuma barci ya ɗauke ni tun kafin a kawo abinci. Abin da na riƙe kawai: ƙanƙara, wani gidan gona, mutum da matarsa suna shan miya ba mai cewa uffan. Na ce ai wannan ko liman ya kalla.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka haɗu a gidan Yaya a unguwar Zahir, nan garin Harami. An ci shinkafa, an kawo shayi da na'ana'a. Gwaggo tana gefe da carbinta. Ƙanwar babanmu ce, wankan gawar mata take yi tun tana Nakkasa, kafin a rushe unguwarsu. Ita talabijin in ba sallar Harami aka sa ba, ko ɗaga kai ba ta yi.

Rabin awa muna kallon miya. Yaya ya ce, "Ya sheikh, waɗannan ba su da aikin yi ne? A kan wannan za a je jami'a?"

"Yi haƙuri, Yaya, ma'anar tana gaba."

Tana gaba kuwa. Mutumin ya ajiye cokali, ya goge baki, ya fita ya dawo da gatari.

Ba zan ba ku labarin abin da ya yi wa matar nan ba. Ni har yau ƙarar ce ke kunnena. Matar Yaya ta saki kofi ya tarwatse, tana salati. Yaya ya miƙe tsaye yana "Kashe! Kashe talabijin ɗin nan, haram alaik!" Muna ta laluben rimot, ashe ni nake zaune a kai. Yarinyar ta sa hannu biyu a baki, ta sandare.

Mutumin ya fita. Aka bar mu da gawar a tsakar ɗaki, ba sutura, ido buɗe, kyamara ta ƙi gusawa. Har matsowa take yi.

Gwaggo ta dafa bango ta miƙe, da ciwon gwiwar nan nata. Ta taka a hankali, ta cire mayafinta, ta lulluɓe talabijin ɗin tun daga sama har ƙasa, ta gyara gefe da gefe. Gwaggo ce fa, matar da ta wanke waɗanda mota ta take.

Na ce, "Gwaggo, wasa ne fa. Matar tana nan da ranta, ƙila yanzu haka kofi take sha."

"Rufe mini baki, ɗan yawon duniya. Ka ɗauka ban san wasa ba ne? Ku da kuke zaune kuna kallo, ku ma wasa ne?"

Yaya ya juya kan 'yarsa. "Wannan ne za ki je ki koya? Halas. An gama magana."

Yarinyar ta fashe da kuka, rabi Larabci rabi Hausa, wai ba ita ta zaɓa ba, wai ita labarin mutanen Nakkasa take son yi. Ni dai na sunkuyar da kai ina tsince gilas.

Gwaggo ta koma ta zauna, kanta ba mayafi. Ta dubi yarinyar ta ce, "Ke takwarar uwata, zo nan. Wa ya hana abin ɗaukar hoton nan kau da kai?"

"Mai fim ɗin, Gwaggo. Shi yake cewa a tsaya ko a kau."

"Mutum ɗaya?"

"Eh."

"To bai taɓa riƙe mamaci ba. Mu a ƙarƙashin zane muke wankewa. Hannu a naɗe da ƙyalle, ido a gefe. Abin da ka gani kuma da shi za ka shiga kabarinka." Ta dubi Yaya. "Gobe da safe akwai wanka. Ka ba ni ita ta zuba mini ruwa. In ta iya tsayawa, ka bar ta ta tafi. In ta gudu, ni da kaina zan hana ta."

Yaya ya buɗe baki zai yi musu, Gwaggo ta ce, "Ni na yi maka wanka kana jariri, kada ka fara."

Washegari na kai su a mota, na jira a waje kusan awa biyu. Da suka fito, hannun rigar yarinyar a jiƙe har gwiwar hannu, tana ƙamshin kafur. Na ce, "Yaya aka yi a ciki?"

Ta ce, "Ba a faɗa, Ammi."

Gwaggo ta miƙo mini wayarta daga baya. "Kira mini ubanta. Ka ce ya zuba mai a mota, Jidda za shi."