Ɗorin da Ya Ci Ƙafar Ɗan Ja

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba, har wasu suka kira suna tambaya ko jiki ne. Jiki ne, amma ba nawa ba. Karena na yi jinya.

Ku gama dariyar, ina jira.

Sunansa Ɗan Ja. Shekara shida yana gadin lambuna a Jiratawa, kuma a shekara shidan nan akuya ba ta san ɗanɗanon salatina ba. Lokacin yaƙin neman zaɓe jerin motoci suka bi ta bakin lambun da kiɗa da lasifika. Ya fito yi musu haushi, ta ƙarshe ta taka masa ƙafar baya ta dama. Kada ku tambaye ni ta wace jam'iyya ce. Duk gudunsu iri ɗaya ne.

Ga inda na yi kuskure. Mu tun tasowarmu, karaya ta maɗori ce. Na sa shi a motar kayan lambu, na kai shi Tibiri wurin wani dattijo da ya taɓa ɗora mini hannu. Ya dube ni, ya dubi karen.

"Malam Idi, kakana bai ɗora kare ba, ubana bai ɗora ba."

"Ba su gamu da irin wannan karen ba ne."

Ya yi dariya, ya jera kara, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tam. Ya ce in dawo bayan kwana goma sha biyu. Kun san ƙa'ida: ba mai kwance ɗori sai wanda ya ɗaura.

Kwana uku ƙafa ta kumbura. Kwana biyar ya bar cin abinci. Na ji wari, na ga ƙuda, na ce ƙa'ida ce, na riƙe hannuna. Abin da na manta, mutum in ɗori ya matse shi yakan buɗe baki ya ce a sassauta. Ɗan Ja sai dai ya dube ni ya kaɗa wutsiya sau ɗaya.

Rana ta takwas ya kasa ɗaga kai. Na kai shi wurin wata likitar dabbobi a cikin Maraɗi, sa'ar autata. Ta yanke tsumman da almakashi. Ta auna zafin jikinsa, ta danna yatsun ƙafar. Sun yi baƙi, sun yi sanyi.

"Baba, ƙashin kam da ya haɗu. Jini aka hana wucewa. Ko in yi mishi allurar da ba zai tashi ba, ko in cire ƙafar yau. Ko na cire ma, ban yi maka alkawari ba."

Na tambaye ta ko kare na rayuwa da ƙafa uku.

"Shi ba zai ƙirga ba, Baba. Kai ne za ka riƙa ƙirgawa."

Aikin da magungunan farmasi sun cinye kuɗin takin bana. Abokina Elhaji Sani ya ce a majalisa, "Kare fa, Malam Idi. Kwikwiyo kyauta ake ba da shi." Na ce mishi kwikwiyon bai yi mini shekara shida ba.

Sai batun makwanci. Likita ta hana lambu saboda laka da ƙuda, na kawo shi gida unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Matata Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, gidan da nake salla?"

Muka yi sulhu: rumfar itace ta bayan gida, kwanonsa daban, ni kuma riga guda ta jinya, in tuɓe ta in wanke hannu kafin in taɓa buta.

Safe da marece a wanke ciwo, a sa sabuwar auduga, a ɓoye ƙwaya cikin lomar tuwo. Ya gano mu, yana cinye tuwon ya ajiye ƙwayar gefe, sai muka koma kan kifi. Don kada ya lashe ɗinkin, likita ta fasa gindin bokitin roba ta zura mishi a wuya. Kwana biyu yana karo da ginshiƙin rumfa.

Amma kafin nan, kwana huɗun farko ruwa kaɗai yake sha. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Rana ta biyar na tarar yana lashe romon ƙashi a kwanonsa. Na dubi Hajiya.

"Dama zubarwa zan yi," in ji ta.

Sati uku kullum tana zubarwa a kwanon nan.

Tashinsa na farko faɗuwa ce. Na biyu ma haka. Ya je gindin katanga zai yi fitsari, ya ɗaga ƙafar bayan da ta rage kamar yadda ya saba, sai ga shi a ƙasa. Bai yi kuka ba, bai dubi kowa ba. Ya tashi ya sake dabara. Ni da na san manyan mutane da ciwon haƙori ke kwantarwa wata guda, na tsaya ina kallonsa da girmamawa.

Kwana goma sha huɗu aka cire zare. Bayan wata biyu na mai da shi Jiratawa, ban san ko zai iya ba. Akwai kanal, wato magudanar ruwan ban-ruwa, tsakanin hanya da lambu. Na sunkuya zan ɗauke shi, sai ya hango awaki cikin zogale. Ya tsallake. Tsallen bai yi kyau ba, amma awakin ba su tsaya duba kyau ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likita, na gode wa Hajiya. Na gode wa maɗorin ma, da ya tako har gida ya ce da na komo rana ta uku, da ya sassauta. Laifin nawa ne.

Masu dabba, ga abin da na koya. In ta karye, a fara da likitan dabbobi. In an ɗaure, a taɓa yatsun kullum. In sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko an ji wari, a koma a ranar, kada a jira kwanaki su cika. A gama ƙwayar duka ko da ya warware.

Na ƙarshe, ba likitan da ya gaya mini. Karen da aka cire wa ƙafar baya ba ya iya sosa kunnen wannan gefen. Za ku ga ya karkata kai, dungun yana motsi shi kaɗai.

Ku sosa mishi.