Hodar da Na Barbaɗa wa 'Yar Farina

Sa'ad da muka koma Riruwai, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, maigidana wankin kuza yake yi. Yini yake tsaye cikin ruwa, har cin ruwa ya kama tsakanin yatsun ƙafarsa. Wani abokin aikinsa ya ba shi wata farar hoda a gwangwanin taba, ya ce sunanta borik. Kwana huɗu yana barbaɗawa, ƙafa ta bushe. Daga nan hodar ta zama ta kowa a gidan. Inna, uwar mijina, takan jiƙa ɗan kaɗan ta wanke idonta. Ni kuwa ina cuɗa ta da sauran tuwo in ajiye bayan randa, kwana biyu uku sai in share kyankyasai a kife.

Lokacin ina goyon 'yar farina, watanta biyar. Yadda aka tashe mu can wajen Kiru, mace ba ta yi wa ɗan fari wasa a gaban manya, ba ta kuma nuna ta damu da shi. Ni kuma Allah ya yi ni da fargaba. Ko atishawa yarinyar ta yi sai gabana ya faɗi. Inna ta gane ni, ta sami abin tsokana.

"Ke 'yar nan, kallon me kike mata haka? Kanki aka fara haihuwa? Bakwai na haifa, ban taɓa tsayawa sauraren numfashin ko ɗaya ba."

"Ba ita nake kallo ba, Inna, ƙuda nake kora."

"To, a gai da ƙuda."

Matan gida suka yi ta dariya, har suka riƙa kirana mai korar ƙuda.

Da bazara ta tsananta, matsematsin yarinyar ya sale saboda goyo da gumi. Na so in nuna wa Inna, kunya ta hana ni. Na ce a raina, abin da ya busar da ƙafar ubanta ai zai busar da wannan. Sai in zagaya da ita bayan ɗaki kamar zan yi mata tsarki, in barbaɗa, in mai da zane. Da safe, da azahar, da la'asar. Da na ga wurin yana ƙara faɗi, sai na ƙara hannu.

A sati na biyu ta fara ƙin nono. Kashinta ya koma kore. Tafin hannunta da na ƙafarta suka yi ja kamar an sa mata lalle, fatar tana ɗayewa.

Inna ta ce, "Haƙori ne. Miƙo ta nan."

Da ta kwance zanen ta ga farin abu ya daskare a kan gyambon, sai ta ɗago ta dube ni.

"Tun yaushe?"

"Kwana goma ke nan."

Ta aika aka kira maigida daga wurin aiki, ita da kanta ta goya yarinyar, ina biye da su har ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya tambaya me aka shafa mata, na faɗa. Ya ce fatar babba ba ta cika shan hodar ba, amma ta jariri in ta sale, shanyewa take har cikin jini. Ya wanke wurin, ya ce a yi ta ɗiga mata ruwa a baki. Ban ji ya ce za ta warke ba.

Washegari da hantsi ta cika, a cinyar Inna.

Masu gaisuwa suka cika tsakar gida. Duk wadda ta tambayi me ya same ta, Inna ce ke amsawa: "Zafin bazarar nan ne. Kwananta ne ya ƙare." Maigida ma, har ya bar duniya bai taɓa ta da maganar ba. Ni dai ina zaune kaina a ƙasa, ina amsa "da godiya", nono ya jiƙa mini gaban riga.

Da mutane suka ragu, Inna ta ja ni ɗakinta. Ta yage tsohon zanenta, ta ɗaure mini ƙirji tamau.

Ta ce, "Da ban yi ta zolayarki ba, da kin kawo mini ita tun ranar farko."

Ta fita, ta saki asabari, na ji tana ce wa matan da suka rage na kwanta, kada kowa ya shigo.