Hannun da Ba a Kwance Ba

A gidanmu ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar aiki ce, tatsuniyar ce ke raɓarta. Mu mahauta ne a wani ƙaramin gari kusa da Gusau, kuma kakarmu, wadda duk unguwa ke kira Iya, romon kai da ƙafa take sayarwa. Da an idar da sallar magariba sai ta jawo kujerarta gaban murhu, ta fara babbake ƙafafun shanu ɗaya bayan ɗaya. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da guntuwar wuƙa marar kaifi, muna kankare baƙin. Kafin a kira isha'i hannayenmu sun koma gawayi. Har yanzu a nan Doha, idan na bi ta lungunan unguwar Al Asmakh ƙaurin babbaka ya taso daga bayan wani gidan abinci, sai in ga na rage sauri ban sani ba.

Iya ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Mai kunne ya matso, mai surutu ya riƙe mini ƙafar saniya." Ni ne kullum mai riƙe ƙafar. Tana kirana "angona mai baki", don ba na barin magana ta faɗi ƙasa. Yayana Mudi kuwa, wanda ya girme ni da shekara bakwai, shi ne "mijina na gaske".

Mudi ɗan dambe ne, kamar kakanninmu. Bayan girbi, idan kalangu ya tashi a dandali, ana naɗe wa ɗan dambe hannun dama da ƙyalle, a bi da igiya, har ya koma kamar kan guduma. Maza ne ke ɗaurewa. Amma a gidanmu ba wanda ya isa ya kwance wa Mudi hannu sai Iya. Ko shi ya kayar ko shi aka kayar, haka zai shigo da hannun a ɗaure, yana huci. Sai ta nuna masa tabarma kusa da murhu.

"Kada wanda ya yi masa magana," in ji ta. "Mudi, zauna sai kalangun ya fita daga ƙirjinka."

Zai zauna, ido a lumshe, ba ya komai sai numfashi. Muna kallon ƙirjinsa yana rage hawa da sauka. Sai ta ga ya lafa sannan ta warware igiyar a hankali, ta tsoma hannun cikin ruwan ɗumi, ta murza man kaɗe, ta miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. Daga nan ta ɗora masa kwanon romo a tafin, ta ce, "To, yanzu ka dawo gida."

A irin waɗannan ranakun ne take ba mu labarin ɗan damben da ya ƙi kwance hannu.

Wai an yi wani saurayi da ake kayarwa a kowane dandali. Ya tafi wurin wata tsohuwa da ke zaune a bakin kogi, ya yi mata kuka. Ta ɗaure masa hannu da igiyarta, ta ce daga yau ba mai kai shi ƙasa, amma da sharaɗi guda: duk ranar da ya yi wasa, kafin rana ta faɗi ya kwance igiyar, ya tsoma hannun a ruwa. Ya yi wasa ya ci. Da yamma ta yi ya dubi hannun, ya ji tsoron idan ya kwance ƙarfin zai zube. Ya ce sai gobe. Gobe ma ya ce sai gobe.

Ya koma cin abinci da hagu, abokai suka daina haɗa kwano da shi. Ya miƙa wa dattawa dunƙule a wurin gaisuwa, suka kau da kai. Matarsa ta haihu, aka miƙo masa jaririn, ya rasa yadda zai karɓa. Duk bai damu ba, tunda sunansa ya kai garuruwa.

Da damina ta yi, suna tsallaka kogi shi da mahaifiyarsa, ruwa ya kwashe mata ƙafa. Ya kama saiwar bishiya da hagu, ya miƙa mata dama. Ta kama, ta sulluɓe. Ta sake kamawa, ba yatsa ko ɗaya da za ta riƙe. A nan Iya kan sauke murya, ta daina juya ƙafar da ke kan wuta.

"Sai uwar ta ce, 'Buɗe hannun, ɗana.' Ya sa haƙori zai tsinke igiyar, ashe ta riga ta shige cikin nama."

Ruwa ya tafi da ita. Daga baya aka yanke igiyar, amma yatsun ba su sake miƙewa ba.

Na taɓa tambayarta, "Iya, me ya hana shi kwancewa tun ranar da aka haifi ɗansa?"

"Angona, ai a lokacin ba ya ganin igiya. Gani yake hannunsa ne haka."

Mudi ya yi dariya, bakinsa cike da romo. "Tsohuwa, da ni kike, ko?"

"Da duk mai hannu nake, mijina. Ci abincinka."

Dukanmu muka dubi Mudi. Ba wanda ya yi shakkar cewa labarinsa ne. Ni dai ban yi ba.

Ni boko na bi. Na sami aiki a gidan rediyo a birni, aka koya mini karanta labarin mutuwar mutum ɗari da muryar da zan karanta farashin taki. Na ƙware a haka, har ana yabona. Ba a jima da ba ni labaran safe ba Iya ta kwanta ciwo. Sau uku Mudi yana aiko mini direban motar garinmu. Na ce zan zo ranar Asabar, don ba na son a ba wani kujerar da na sha wuya kafin in samu. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Na iso bayan la'asar, an riga an dawo daga maƙabarta.

Mudi ya tashi daga cikin masu zaman makoki ya tare ni a ƙofar zaure. Ya ce, "Har ta daina magana tana tambaya ko angonta ya iso." Sannan ya mare ni a gaban mutane.

Ban rama ba, ban ɗaga murya ba. Na gyara hulata, na ce, "Na gode, Yaya," da muryar karanta labarai. Daga ranar ban sake yi masa magana ba, shekara goma sha uku. Ban yanke zumunci a fili ba. Ina aika wa 'ya'yansa kayan sallah, ina gaida matarsa Balaraba, idan mun haɗu a taro in rusuna in wuce. Mutane na cewa ina da haƙuri, ni ma na yarda. Da na samu aikin fassara da sa murya a wani kamfani a Doha, kowa na yi wa sallama ban da shi.

A shekarata ta uku a nan likita ya ce jinina ya hau, in riƙa tafiya da ƙafa. Haka na fara zuwa bakin teku da safiyar Juma'a, kafin rana ta yi zafi. A can na tarar da wani dattijo ɗan ƙasar Sin, Mista Lin, wanda ya zo zama wurin 'yarsa, yana koya wa mutum biyar ko shida wani motsa jiki da suke kira tai ci. Asalinsa dabarar faɗa ce, amma a hankali ake yinsa kamar mutum na tafiya cikin ruwa. Kafin in shiga sai da na tambaye shi ko akwai bauta a ciki. Ya yi dariya, ya ce da guntun Turancinsa, "Tsayuwa ce da numfashi. Allahnka yana nan inda ka bar shi."

Rabin darasin tsayuwa ce kawai: gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannaye a gaba kamar an rungumi tulu, a bar numfashi ya sauka da kansa. Sauran rabin kuma mutum biyu su haɗa tsintsiyar hannu, kowa na neman ya gusar da ɗan'uwansa. Mista Lin bai kai kafaɗata ba, amma ban taɓa motsa shi ba. Duk inda na tura sai in tarar ba ya wurin. Yakan ce a tafarkin da ya taso a kai, wanda suke kira Tao, ruwa ake koyi da shi: ba ya jayayya da dutse, kuma ba ya fasa tafiya. Yakan ce abin da ya sandare shi ne ya fi kusa da karyewa.

Haladu, direba ɗan garinmu da ke aiki a unguwar Al Mirƙab, ya sha tsokanata a kan haka. "Malam, jikan mahauta guda, ka bar dambe ka koma rawar Sinawa? Wallahi in na faɗa a gida ba mai sake sauraron rediyo." Shi ne kuma ya dawo daga hutu wata rana, ya same ni a ɗakina a unguwar Bin Mahmud, ya ƙi zama.

"Malam, Mudi fa ba lafiya. Ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye. Likita ya ce dukan da ya sha a ka ne ya taru. Wani lokaci ma ba ya gane mutane."

"Allah ya ba shi lafiya," na ce. "Zan aika da abin da ya samu."

"Aike? Haba Malam. Khalas mana, ya isa haka. Yayanka ne fa."

Na ce masa aiki ya yi yawa a wannan watan. Ya dube ni, ya fita bai sha shayin da na zuba masa ba.

Juma'ar da ta biyo baya muna tsaye a bakin teku, Mista Lin ya zo ya tsaya a gabana. Ya taɓa hannuna na dama. "Buɗe," in ji shi. Na duba, ashe a dunƙule yake. Na buɗe. Ya zagaya sauran ɗalibai ya dawo, ya tarar ya sake rufewa.

"Wata takwas ina kallon hannun nan," ya ce. "Fuskarka a kwance, muryarka a kwance, hannun yana faɗa. Da wa?"

"Ba na faɗa da kowa. Ni ko ramawa ba na yi."

"Wanda ya rama ya gama. Kai ba ka gama ba."

Ya kama yatsuna yana miƙe su, ya fara daga ƙaramin. Ban san ko haka ake yi a ƙasarsu ba, ko dacewa ce kawai. Abin da na sani shi ne a lokacin na ga ƙofar zauren nan kamar yau, na kuma ga abin da na yi shekara goma sha uku ban lura da shi ba. Mudi, wanda dunƙulensa ya kwantar da ƙarti a dandali, da tafin hannu ya mare ni. Yana cikin fushi da baƙin cikin da ya fi kowanne a rayuwarsa, amma sai da ya buɗe hannun kafin ya kai gare ni. Shi ya ji labarin Iya. Ni na riƙe ƙafar saniya kawai.

A lokacin ba ka fita daga ƙasar nan sai kafil, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya sa hannu a takarda. Nawa kafil ɗin ya yi tafiya. Kwana tara na jira, kuma ba ni da bakin ƙorafi, ni da na sa wani ya jira shekaru.

Na tarar da Mudi a tsakar gida, an jingina shi da bango kusa da tsohon murhun Iya. Ya rame har na ga kamannin mahaifinmu a fuskarsa. Hannun daman yana kan cinyarsa, ciwon ya dunƙule shi tam. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ne. Na zo." Ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙo. Na faɗi duk abin da na tsara a jirgi, na roƙi gafara, na ambaci ranar Alhamis ɗin. Yana ta gyaɗa kai. Balaraba ta ce a hankali, "Haka yake yi wa kowa, ƙanina. Da ka zo da damina, da ya gane ka. Ya yi ta kiran sunanka."

Magana ce sana'ata, ga shi ta ƙare. Sai na ce ta ɗumama mini ruwa, ta kawo man kaɗe. Na zauna a gabansa, na bar numfashina ya bi nasa har muka daidaita. Sannan na tsoma hannun a ruwa, na fara daga ƙaramin yatsa. Uku suka miƙe, biyu suka ƙi. Ya lumshe ido ya daɗe, sannan ya ce, da harshen da ya yi nauyi, "Iya, kalangun ya fita."

Na ce, "To, yanzu ka dawo gida."

Haka na yi masa kowace yamma har hutuna ya ƙare. Bai taɓa kirana da sunana ba. Ya rasu wata biyu bayan na dawo Doha.

Na daɗe ina ɗaukar labarin Iya gargaɗi ne ga masu ƙarfi da masu zafin rai. Yanzu ina ganin su ne ma suka fi saurin tsira, don kowa na ganin igiyarsu, su ma suna jin nauyinta. Tawa ba ta taɓa fitowa fili ba. Na sa mata suna haƙuri, na yi sallah da ita, na yi azumi da ita, mutane suka yaba. Ban san ko Mudi ya yafe mini ba. Balaraba ta ce ya yafe tun da daɗewa, amma daga bakinsa nake so in ji, kuma ranar da na miƙa hannun ruwa ya riga ya yi nisa da shi.

Mista Lin ya koma ƙasarsu bara. Har yanzu nakan je bakin teku da safiyar Juma'a in tsaya ni kaɗai. Ba a yin minti biyar sai in duba in tarar hannun ya rufe. Sai in sa hagu in buɗe shi, daga ƙaramin yatsa.