Kunnen Hagu

Da ofishinmu ya ce kowa zai riƙa yin kwana biyu a mako yana aiki daga gida, ni ce ta ƙarshe da ta sayi hedifon. Aikina kiran waya ne. Ina buga wa shugabannin ƙungiyoyin manoma in ji halin da masara take ciki, in rubuta, ranar Laraba kuma a haɗa mu mitin ta intanet da manyanmu na Abuja. Shekara da shekaru 'yar iyafis ɗin da ta zo da wayata nake sawa, kuma kullum a kunnen dama kaɗai, ɗayar igiyar tana lilo a ƙirjina. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Gidanmu a Samaru jikin shagon wani mai walda yake, janaretansa ba ya hutawa. A mitin na biyu shugabarmu ta ce, "Wace ce take magana daga cikin inji?" Kowa ya yi dariya. Wata abokiyar aikina ta ba ni shawara in nemi mai rufe kunne biyu, mai makirfo da ke zuwa daidai baki, kuma mai igiya, don mai caji zai iya mutuwa ana tsakiyar magana ranar da babu wuta.

Ranar Asabar na shiga bas zuwa Sabon Gari. Shagon da aka kwatanta mini na wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana. Ya sauko da wani baƙi mai soso mai laushi, ya jona a wayarsa, ya kunna mini labaran rediyo.

Na saurara, na cire. "Wannan ɓangaren hagunsa ba ya yi sosai."

Bai yi gardama ba, ya buɗe wani kwalin. Shi ma haka, dama tana fita tangaran, hagu kamar ana magana a ƙarƙashin bargo. A na uku raina ya fara ɓaci. Na ce, "Oga, duk kayan nan naka jabu ne?"

Ya karɓa ya sa a kansa, ya saurara. Sai ya miƙo mini a hankali.

"Madam, don Allah juya shi. Na hagun ki sa a dama."

Na juya. Ɓangaren da na ce ya lalace ya shiga kunnena na dama, muryar mai labarai ta fito fes. Hagu kuma tana nan yadda take.

Na daɗe tsaye da abin a kaina. Dattijon ya shiga jera kwalaye, ya ƙi kallona. A lokacin ba kaina na tuna ba, Baba na tuna.

Mahaifina injin niƙa yake da shi a bakin kasuwar Samaru, tun kafin a haife ni. Mu dai mun ɗauka ƙarar injin ce ta cinye masa kunne. Da farko cewa yake yi mu ne ba ma buɗe baki. Daga baya muka koma yi masa ihu, da muka gaji kuma muka rage yi masa magana. Yana zaune a tsakiyarmu ana hira, idan aka yi dariya sai ya duba fuskokinmu, shi ma ya yi tasa a makare. A coci ina hango shi daga wurin mawaƙa, leɓɓansa suna bin waƙa a baya, mun shiga baiti na biyu shi yana ƙarasa na farko.

Wata rana, ina ajin ƙarshe na sakandare, ƙawata ta zo daga Bomo. Baba ya fito yana gaishe ta da ƙarfi, yana tambayar iyayenta, ta amsa, ya sake tambaya. Kunya ta kama ni. Na ce mata da muryata ta kullum, "Ƙyale shi, ba ya ji. Kamar da bango kike magana." Yana tsaye kusa da ni. Ya yi murmushi, ya koma ɗaki. Daga ranar bai sake fitowa ba idan ina da baƙi, ni kuwa har daɗi na ji.

Sai bayan rasuwarsa, muna kwashe kayansa, Mama ta ce mini, ba da wata manufa ba, ai kunnensa na dama bai mutu duka ba. Idan mutum ya tsaya ta nan, kusa, yana tsintar magana. Na yi shekaru ina ƙoƙarin tuna ta wane gefe na tsaya ranar. Wani lokaci in ga ta hagu ne, hankalina ya kwanta. Wani lokaci in ga ƙofar ɗakinsa da randar ruwa, in san ba haka ba ne.

"Madam," in ji mai shagon. Ashe ya zagayo ta damana. "Akwai mai kunne ɗaya. Ya fi sauƙi a kai, ba ya sa zufa."

Na gwada. Yana da kyau, amma da ya rufe dama sai hayaniyar titi ta yi nisa, masu keke da masu tallan rake duk suka koma can baya. Na gane cewa ko wanne na ɗauka, muddin ina aiki, gidana zai yi mini shiru. Na ɗauki mai kunne biyun. Ban so 'yan ofis su tambaye ni me ya sa nawa daban.

Na yi sati uku ban faɗa wa kowa ba. Ranar wata Lahadi muna dawowa daga coci da ƙafa, na ce wa maigidana ina ganin kunnena na hagu ya samu matsala. Bai tsaya ba, bai yi mamaki ba.

"Na sani," ya ce. "Tun bara."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Na ga ba ki shirya ji ba."

Sai na lura ta dama yake tafiya, gefen kwata, ya bar mini hanya mai kyau. A falo ma ya daɗe da canza kujera. Yaran kuma, ashe shi ya ce musu idan za su yi mini magana su zo ta gabana. Duk gidan sun sani, suna ta kewaye ni da abin, ni kaɗai ce ban sani ba.

Mun je asibiti. Aka sa ni a wani ƙaramin ɗaki, aka ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Ta gilashi ina ganin ma'aikaciyar tana danna abu tana kallona, hannuna yana kan cinyata. Likita ya tambaya ko akwai mai irin wannan a danginmu. Na ce akwai, amma injin niƙa ne ya jawo masa. Ya rubuta wani abu, ya ce wataƙila ba injin kaɗai ba ne. Ya ce dama tana da kyau a yanzu, in riƙa rage ƙarar hedifon, in riƙa dawowa ana dubawa.

Ina nan ina aikina. Manoma suna cewa yanzu muryata tana fita sosai. Asibiti kuwa na koma sau biyu. Na ukun ya wuce tun watan jiya, takardar tana cikin jakata.