Muriel da Kwat ɗin Fam Huɗu

Ƙarfe takwas da kwata Muriel Ackroyd take sauka daga bas a gaban gidan waya, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma a nan arewacin Ingila yawanci ana yi. Kafin ta sa makulli sai ta janye baƙaƙen ledojin da mutane suka jibge mata a bakin ƙofa. Shagon gwanjo ne na sadaka. Mutane su kawo kayan da suka gama da su kyauta, a sayar, kuɗin ya tafi gidan jinyar da ke bayan gari, inda ake kula da waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin magani. Shekara ashirin da uku ke nan tana wannan aiki, ba a biyanta ko kwabo. Asabar mai zuwa za ta ajiye, don gwiwa ta ƙi.

Idan ta ɗora ruwan shayi sai ta zauna a ɗakin baya ta kwance leda ta farko. Kowace riga sai ta ɗaga ta a haske, ta duba hammata, ta ja ɗinki, ta shinshina, ta sa hannu a kowane aljihu. Sannan ta ɗauki biro. Ta sha gaya wa masu taya ta aiki cewa duk sanda za ta rubuta farashi mutum biyu take gani a gabanta, wanda ke kwance a gidan jinya da wanda zai shigo da fam biyar a hannu, kuma ba ta yarda ta cuci ko ɗaya. Shi ya sa kayan makarantar yara ba su taɓa wuce fam ɗaya a shagonta ba. Da aka aiko daga babban ofis cewa a ƙara, ta ce su zo su gaya wa iyayen da bakinsu. Ba wanda ya zo. Amma ranar da wani dillali ya ɗauki wata tsohuwar butar shayi yana taya ta fam uku, ta karɓe ta a hankali, ta kife ta, ta nuna masa hatimin wanda ya ƙera ta, ta ce arba'in ne, kuma shi ma ya san arba'in ɗin araha ce. Ya yi gunaguninsa ya biya.

Ke ce mai sanin darajar abin da mai shi ya yar, Muriel. Ba ki taɓa sa talaka ya ji kunyar tambayar farashi ba.

Abin da mutanen titin suka fi tunawa shi ne wata Talata a watan Nuwamban bara. Da safiyar ranar aka shiga da wani dattijo, Clifford Ramsden, tiyatar zuciya. Kafin a tura shi ɗakin tiyata aka ce ya cire zoben aurensa, wanda shekara arba'in da ɗaya bai bar yatsarsa ba, sai da aka sa sabulu. Ya damƙa wa matarsa Hazel, ya ce ta riƙe masa, shi zai fara nema idan ya farka. Ta sa shi a aljihun cikin kwat ɗinta ta ja zif. Likita ya ce aikin zai ci awa biyar, kada ta zauna ta zura wa agogo ido, ta fita ta sha iska. Ƙafa ta kawo ta shagon Muriel. Ta ga wata rigar sanyi ta saƙa, ta cire kwat ɗinta ta rataye a ƙarshen layin kwat ɗin sayarwa, ta shiga ɗakin gwaji. Da ta ja labule ta ga ba mai ganinta, sai ta zauna ta yi kukanta a hankali, kusan rabin awa.

Muriel tana ɗakin baya. Wanda ke gaba kuwa Leonard Platt ne, tsohon direban bas da ya yi ritaya, sati uku da fara taya su. Wata mata ta kawo masa koren kwat ba takardar farashi a jiki. Dokar shagon ita ce duk abin da ba takarda a kai wa Muriel. To, ga mutane a layi, shi kuma ba ya so a ce har yanzu bai iya ba. Ya ɗan shafa hannun kwat ɗin ya ce fam huɗu. Matar ta biya da sauri ta fice.

Da Hazel ta fito ta ga gurbin kwat ɗinta, ta tambaya, Leonard ya kasa haɗa ido da ita. Aka kira Muriel. Hazel ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa tebur da hannu biyu ta ce, "Zoben Clifford yana ciki."

Muriel ta zaunar da ita, ta sa mata kofin shayi mai sukari a hannu, sannan ta juya kan Leonard ta tambaye shi kamannin matar. Ya ce mace ce dai, matsakaiciya.

"Direba, shekara talatin kana ɗaukar mutanen garin nan, ba ka taɓa kallon fuskar ko ɗaya ba?"

"Tikiti nake kallo, uwar ɗakina."

Ta ci gaba da tatsarsa a hankali har ya tuna cewa matar tana riƙe da babbar jakar cefane, ta juya kwat ɗin ta duba shafinsa na ciki, kuma ta tambaya ko an kawo takalman ruwa na yara. Muriel ta ce to 'yar zagaye ce.

Shagunan sadaka biyar ne a titin. Masu neman araha da ke shigowa daga ƙauyuka ranar Talata sukan fara da na Muriel, su gangara ɗaya bayan ɗaya, su ƙare a na masu kula da kuliyoyi kusa da tasha, su hau bas ɗin ɗaya saura kwata. Idan matar nan ta hau bas, shi ke nan, ba wanda ya san sunanta balle ƙauyenta. Leonard ya ɗauki hularsa zai bi ta shago-shago. Muriel ta ce ya je, amma ta san mai bin 'yar zagaye a baya kullum sai ya tarar yanzu ta fita. Ita sai ta ɗauki sandarta ta yanke ta lungun bayan mahauta, cikin yayyafi, ta je ta tsaya a ƙofar shago na ƙarshe.

Minti ashirin tana tsaye a wurin. Mai shagon kuliyoyin ta fito mata da kujera, ta ƙi zama, ta ce idan ta zauna tashi sai an taimaka. Bas ya riga ya shigo tasha sanda ta hango koren kwat yana gangarowa. Matar ma har ta sa shi. Farzana sunanta, tana aikin wanki a gidan tsofaffi.

Muriel ta tare ta ta ce, "Ɗiyata, ya yi miki kyau, amma ba namu ba ne muka sayar miki. Taɓa aljihun ciki."

Farzana ta ja zif, zobe ya faɗo mata a tafin hannu. Ta dube shi, ta dubi bas ɗinta, ta ce, "Anti, wallahi ban sani ba. Mu je." Ta riƙe wa Muriel hannu suka hauro tare, bas ya tafi ya bar ta.

Hazel ta karɓi zoben ta zura a babban yatsanta ta dunƙule hannun. Leonard ya dawo yana haki, ya tsaya daga nesa yana murza hula. Can sai ta ɗago ta tambaye shi nawa ya sayar da kwat ɗin. Ya faɗa mata, murya can ƙasa.

"Fam huɗu? Bawan Allah, ɗari da ashirin na saye shi, kuma bana ne sanyinsa na biyu."

Ya ce shi ya ga kamar gwiwar hannun ta ɗan koɗe. Muriel ta ce da ita ce sha takwas za ta rubuta. Hazel ta ce wannan ma ai zagi ne. Farzana ta ce ita ta san kuɗin bai yi kama da kayan ba, shi ya sa ta biya da sauri kafin direba ya farga. Nan Hazel ta yi dariya, ta farko tun safe, har hawaye ya sake zubo mata.

Saura Farzana, wadda ta cire kwat ɗin ta koma cikin 'yar riga marar kauri da ta fito da ita daga gida. Hazel ta ce ta riƙe kwat ɗin kawai, ta ba ta. Farzana ta gode, ta ce ita saye ta zo yi. Sai Muriel ta juya. Ta shiga ɗakin baya ta fito da wani kwat na ulu, shuɗi mai duhu, ta shimfiɗa shi a tebur ta nuna mata aibinsa ɗaya bayan ɗaya: maɓalli biyu sun faɗi, aljihun hagu ya ɓarke. Ta ce da lafiyarsa ƙalau fam tara ne, amma a haka huɗu ne, kuma ko wa ya zo haka za ta ce masa. Farzana ta ja ɗinkin kafaɗa, ta duba wuya, ta ce ta saya da fam huɗun da ta riga ta biya. Leonard ya kai ta har gida a motarsa.

Ƙarfe biyu da rabi asibiti suka kira Hazel tana zaune a shagon, suka ce an gama lafiya. Da yamma Clifford ya farka, kuma kamar yadda ya faɗa, zoben ya fara nema. Yatsun sun kumbura, sai a ƙaramin ta sa masa. Sai da ya yi wata guda a gida ta ba shi labarin inda zoben ya je yawo.

Ke ce kika san titin nan da mutanensa har kika san inda za su bi kafin su bi. Ke ce kika mayar wa mai kaya kayanta, ba ki bar mai saye ta tafi cikin sanyi ba, ba ki kuma wulaƙanta wanda ya yi kuskuren ba. Leonard yana nan har yau, shi ne ma ya fi kowa hana mutane rataye kayansu a layin sayarwa.

A watan Fabrairu Clifford ya zo shagon da ƙafarsa. Ya tsaya gaban Muriel ya miƙa mata hannun da zoben yake, ya fara jero mata godiya. Ta jira shi ɗan lokaci, sannan ta ce idan ya gama ga buhun takalma can yana jiran mai haɗa su ƙafa da ƙafa. Ya ja kujera ya zauna. Tun daga ranar bai yi fashin Talata ba, da shekara saba'in da ɗinki a ƙirji.

Idan shi ya iya, ba mu da abin cewa. Duk mai awa biyu a sati ya zo ya ja kujera kusa da shi, aiki yana nan.

Mun gode, Muriel. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba mu wanda zai riƙe mana titin nan kamar yadda kika riƙe.