Ranar Miƙa Makulli a Jushi

Ɗanmalam dillalin gidaje ne, amma idan ka tambayi mutanen Sabon Gari da Samaru game da shi, kafin su ambaci dillanci sai sun ce maka mutum ne da ba ya saɓa rana. Shekara ashirin da bakwai yana wannan harka. Ba shi da ofis, ba shi da allon talla, benci ne kawai a gindin wata dalbejiya a Jushi, da tsohon babur, da baki mai sanyi. Da nema wa ɗalibai ɗakin haya a Samaru ya fara, lokacin da ɗinkin hula ya kasa riƙe masa gida. A hankali masu gidaje suka lura cewa in ya ce ranar Laraba za a miƙa makulli, to Larabar ce. Wannan sunan shi ne duk jarinsa, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba amfanin ɓoye shi: ba ya iya kallon idon mutum ya faɗa masa abin da ba ya son ji. Shekaru da yawa abin bai cutar da shi ba, don Allah ya rufa masa asiri ranakunsa suna cika.

A watan Agusta ya haɗa cinikin gidan Alhaji Ismail na Jushi. Alhajin ya gina ƙaramin gida a Zabi yana son komawa can. Mai sayen shi ne Malam Elias, Kirista Bazazzagi da ya yi ritaya daga wata ma'aikata a Samaru, aka ba shi wa'adin tashi daga gidan ma'aikata ƙarshen Satumba. An biya, an sa hannu a gaban mai unguwa, aka rubuta talatin ga Satumba ranar miƙa makulli. Saura kwana goma sha ɗaya, Alhaji Ismail ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa, kafin a kai shi asibitin Shika rai ya yi halinsa.

Tun a maƙabarta Ɗanmalam ya hango matsala. Matar marigayin, Hajiya Zubaidatu, ta shiga takaba, kuma takaba a ɗakin miji ake yinta, wata huɗu da kwana goma. Ya lissafa a ransa ya ga ranar fitarta ta faɗa can ƙarshen Janairu.

Ran sadakar uku ta sa aka kira shi bakin ƙofar ɗakinta. Daga bayan labule, da murya da ta dushe, ta ce, "Malam, maganar tashin nan fa? Ni dai ba na son in bar ɗakin nan sai na gama."

Abin da ya kamata ya ce a fili yake. Amma ya ji muryar nan, sai bakinsa ya riga shi. "Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. An ɗaga."

Ba wanda ya ɗaga komai. Niyyarsa ya wuce Samaru a ranar ya roƙi Malam Elias, kuma ya je ɗin. Ya tarar da mutumin a tsakiyar kwalaye, matarsa Rhoda tana naɗe faranti cikin tsofaffin jaridu. Malam Elias ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce, "Na so in kira ka, Malam, kunya ta hana ni. Ina fata rasuwar nan ba ta taɓa ranarmu ba? Wanda zai shiga nan ya riga ya zo ya auna tagogi."

"Ba matsala," in ji Ɗanmalam. "Rana tana nan."

Kwana takwas ya yi yana neman mafita a ɓoye, kamar mai neman allura a tabarma. Ya zagaya Zabi da Jushi da Samaru ko zai sami gidan haya na wata huɗu ya ajiye Malam Elias, amma lokacin dawowar ɗalibai ne, ko ɗakin ajiya an kama. Kullum da safe sai ya ce yau zai faɗi gaskiya, kullum da yamma sai ya ce gobe. Wayarsa in ta yi ƙara gabansa faɗuwa yake. Abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Ranar talatin da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofar gidan marigayin, katifu da kujeru a sama ba tamfol. Gabas ta riga ta yi baƙi, hadari yana haɗuwa. Ɗanmalam ya iso a babur ya tarar Suhail, babban ɗan marigayin, ya tare ƙofar zaure, maƙwabta sun fara taruwa, an aika a kira mai unguwa.

"Ba wanda zai shigar da ko tsintsiya," in ji Suhail. "Mahaifiyata tana takaba. An ce mana an ɗaga rana."

"Wa ya ɗaga?" Malam Elias ya zaro takarda daga aljihu. "Ga sa hannun mahaifinka. Na miƙa makullin can da safen nan. Ina kake so in kai iyalina? In kotu kuke so, sai mu je."

"Mu je ɗin."

Direban motar ya leƙo ya ce shi fa yana da wani lodi a Sabon Gari, a sauke masa kaya ko a ƙasa ne. Iska ta fara kaɗa ledojin da ke kan titi. Mai unguwa ya iso yana haki, ya saurari kowa, sannan ya yi tambayar da Ɗanmalam ya kwana takwas yana gudu.

"Suhail, wa ya ce muku an ɗaga?"

"Baba Ɗanmalam ne ya faɗa wa Hajiya."

"Malam Elias, kai kuma wa ya ce maka rana tana nan?"

Malam Elias ya juyo ya dubi Ɗanmalam. Sai kowa ya juyo.

Akwai hanyoyin zamewa, kuma dillali ya san su duka. Yana iya cewa Hajiya ba ta fahimce shi ba, mace ce cikin jimami, wa zai ƙaryata shi? Ya buɗe baki, ya tuna tana jin komai daga ciki. Kunya ta rufe shi.

"Ni ne," ya ce. "Ni na faɗa wa kowannensu. Ban roƙi kowa ya ɗaga ba. Ba laifin Hajiya, ba laifin Malam Elias."

Wani dattijo a gefe ya yi salati a hankali.

Daga cikin zaure muryar Hajiya Zubaidatu ta fito. "Suhail, matsa musu. Gidansu ne, Alhaji ya sayar da hannunsa. In lalura ta kama, malamai sun ce ana tashi. Ku haɗa mini kayana." Maganar ta fita daidai, amma a ƙarshenta kuka ya ci ƙarfinta.

Rhoda ta sauko daga gaban mota ta gyara ɗankwalinta. Ta ce wa mijinta, "Baban Stephanie, ni ba zan kwana a ɗakin da aka fitar da mai takaba ba." Ta dubi Suhail. "Ɗana, ba ni hanya in gaida Hajiya."

Ya matsa mata. Minti goma da ta yi a ciki sun fi wa Ɗanmalam kwana takwas ɗin nan tsawo. Yayyafi ya fara sauka a kan katifu. Da ta fito ta ce sun gama magana: Hajiya za ta zauna a ɗakinta da kicin ɗin baya har ta fita takaba, su kuma su shiga ɗakuna biyu na gaba da falo. Malam Elias ya dubi sama, ya dubi kayansa, ya ce a sauke. Maƙwabtan da suka zo kallon rigima su suka yi ta gudu da kujeru a ka.

A zaure, ruwa yana dukan kwano, mai unguwa ya rubuta sabuwar rana a bayan takardar. Suhail ya sa hannu, Malam Elias ya sa. Saura shaida. Ɗanmalam ya matso ya miƙa hannu zai karɓi biro.

"Bari, Malam," in ji Malam Elias, ba tare da ɗaga murya ba. "A kira liman."

Suhail bai ce a'a ba. Ɗanmalam ya janye hannunsa ya sa a aljihu, ya koma jikin bango ya tsaya, aka aika a kira liman.