Abin da Dada Take Ci a Bayan Damare

Akwai maganar da ba na iya ji in yi shiru, ko a ofishin malamai ne ko a cikin keke: wai mutanen ƙauye sun huta, abinci a ƙofar ɗakinsu yake. Duk wanda ya faɗe ta a gabana sai na tambaye shi yaushe rabonsa da kwana uku a ƙauyen da ba kasuwa. Abokan aikina sun san halina, da an ɗauko zancen sai su fara zungurin juna. Ba su san ni ma na taɓa faɗinta ba, kuma uwar da ta haife ni na faɗa wa.

Dada muke ce mata. A shekarar da 'yan ta'adda suka cinye garuruwan arewacin jiharmu ta iso Jimeta a bayan babbar mota, da ƙullin kaya ɗaya da buta. Ina koyarwa a firamare, muna zaune ni da maigidana da yara uku a ɗaki biyu a Demsawo. Na share mata ɗakin yara. Kwana tara ta yi. In maigidana yana gida ba ta sa komai a baki, ba ta ratsa tsakar gida, ko tari sai ta danne. Gidan suruki ne. Ni kuma 'yar fari ce, tunda nake ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta ce min ga abin da ke damunta. A rana ta goma ta ce za ta koma ɗakin marigayi Kawu, a wani ɗan ƙauye can bayan Damare, ƙetaren gada.

Na yi faɗa, na yi lallashi, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Da na gaji sai na ce, "To shi ke nan, Dada. Gara ma ke. Can abinci a ƙofar ɗaki yake, ba kamar mu da ko ganyen albasa sai mun saya ba."

"Haka ne," in ji ta.

Ba haka ba ne. A da kasuwa tana ci a kusa da su duk mako, amma tunda aka fara tashin bama-bamai a cikin taro mutane suka ji tsoro, kasuwar ta mutu murus. An hana acaba. Matan Fulani masu kawo nono sun bi shanunsu sun yi nisa. Lambunan bakin kogi suna nan shar, sai dai tun kafin tumatir ya nuna dillalan Jimeta sun saye shi a gona, kwando kwando, ba mai tsayawa ya kasa maka na miya ɗaya. Abin da ya rage a ƙauyen shi ne teburin wani mutum: magi, gishiri, omo, biskit, lemon kwalba mai ɗumi. Wanda ke son kifi ko ganye sai ya taka har bakin kwalta, tafiyar da ke cinye wa mai ƙarfi hantsi guda. Dada kuwa gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, kuma baƙuwa ce, ba ta da ko kunya ɗaya ta shuka, ba ta da ko kaza.

Duk wannan daga baya na sani. A lokacin, abin da na sani shi ne ina cika aikina na 'ya. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata nakan ɗauki shinkafa da taliya da masara da mai, abubuwan da ba sa lalacewa, in tsallaka gada. Ganye da kifi ban taɓa kai mata ba. Wa zai kai ganye ƙauye? Kuma kwana biyu kafin in je nakan kira maƙwabciyarta a waya in ce a gaya mata ina tafe, don a wurinmu ba a faɗo wa babba gida kamar ruwan sama. Maƙwabciyar Kirista ce daga wajen Numan, mijinta tsohon malamin makaranta ne, shi ya sa kowa ke ce mata Mama Tica. Ita kaɗai ke da waya a layin.

In na isa, sai in tarar an share ƙofar ɗaki, an shimfiɗa tabarma, ga kwano a rufe. Tuwon masara mai laushi, miyar alayyafo da tumatir, kan kifi yana leƙowa. In ce ta zo mu ci, ta ce ta riga ta ci. Ban yi mamaki ba, don ba ta taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Nakan ci in yi nak, har in suɗe yatsa, tana zaune can gefe tana kallon ƙasa. In koma gida in gaya wa maigidana Dada ta fi mu jin daɗi.

Wajen wata na takwas na lura fuskarta ta ciko, ƙafafunta sun cika silifas. Wallahi murna na yi. Na ce, "Dada, ƙauye ya karɓe ki! Irin wannan ƙiba, sai mun nemo miki miji."

Ta yi ɗan murmushi ta ja zane ta rufe ƙafafun. Har yau in na tuna wannan tsokanar sai in ji kamar in mari kaina.

Abin da ya tona asiri yajin aiki ne. Wata Talata ba makaranta, na ce bari in leƙa ta. Na kira Mama Tica, waya a kashe, ba caji. Na yi ta wasi-wasi a bakin tasha, ƙarshe dai na hau mota. Muka sha layin binciken sojoji a gada, na sauka a kwalta, na taka. Ranar ce na fara kula da nisan hanyar, don ban samu amalanken shanun da nakan hau da kayana ranar Asabar ba.

Na same ta a bakin murhu, kwano a cinya. Tuwo ne, da wani ruwa-ruwa a kai wanda aka kaɗa da gishiri da magi da ɗan garin kuka, kukar ma ba ta isa ta sauya masa launi ba. Tana tsoma loma tana kaiwa baki a hankali, don gefen bakinta duk ya tsage. Da ta gan ni sai ta yi sauri ta kife faifai a kan kwanon.

"Ba ki aiko ba," ta ce.

Na ɗaga faifan. Na shiga ɗaki na bubbuɗe tukwane, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ga shinkafa, ga taliya, ga mai. Ba albasa ko ɗaya, ba daddawa, ba ko ƙashin kifi. Kuɗin da nake bar mata suna nan ƙulle a tsumma. Na fito ina ɗaga murya a kan uwata, ina tambayar wannan wane irin abu ne, so take duniya ta zage ni? Mama Tica ce ta jiyo ni ta shigo tana goge hannu.

"Malama, kar ka yi masa ihu," ta ce, da irin Hausarta. "Dada naka, in ka buga waya, washegari da safe zai ɗauki sanda ya tafi titi. Sai la'asar zai dawo da kifi ɗaya da ganye. Na ce bari ni in je, ya ce a'a, ɗiyansa ne. Sauran kwanaki wannan ruwa ne. Mu ma shi ne, Malama. Kuɗi ba a dafa shi."

Na tambaye ta don me ba ta taɓa gaya min ba.

"Ya ce in na faɗa, ba zai sake shan ruwan gidana ba."

Na zauna a kan turmi. Dada ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango, wai za ta dama min kunu tunda ba abin da za a ba baƙo.

Washegari na nemo mota na ɗauke ta, ban tambayi yardarta ba. A asibiti a Yola nas ta danna mata ƙwauri da babban yatsa, gurbin ya tsaya ya ƙi tashi. Ta ja fatar idonta ta duba, fari fat. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, zuciyar ta wahala, kuma ba ciwon jiya ba ne. Ya tambaye ni me take ci. Ina da takardar koyarwa, ni nake zana wa yara kifi da ƙwai da ganye a allo in ce su kwafa. Na ce masa tuwo.

Aka ba ta gado, aka ƙara mata jini. Kullum ina kai farfesu, ina kai hanta, ina kai ƙwai, ta taɓa kaɗan ta ture. Cikin ya riga ya saba da babu. Raina ya yi ta ɓaci, da ita, da dillalan, da waɗanda suka kore ta daga gidanta inda take da zogale a bayan ɗaki, da ni kaina fiye da kowa. Shekaru sun wuce yanzu, an ce lafiya ta samu. Na koma ƙauyen bara gaisuwar rasuwar mijin Mama Tica. Mai tebur ya gina shago har da firji, amma kasuwar ba ta tashi ba, kuma har yanzu kwandunan gada suke ƙetarewa.

A kwana na shida a asibiti, da hantsi, ina gyara mata matashi sai na ji ta ce, "Ke."

"Na'am, Dada."

"Da za a samu kwaɗon rama."

Shekarata arba'in da ɗaya a duniya, wannan ne karo na farko da ta roƙe ni wani abu. Ban tsaya neman mayafi mai kyau ba. A bakin ƙofar asibitin akwai mata masu tallar abinci a ƙarƙashin bishiya, ta biyu a layi tana da shi, da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Na karɓa a leda na juyo da sauri.

Da na shigo idonta a rufe. Ta ji motsin leda ta buɗe, ta dube ni, ta dubi hannuna.

"Har kin dawo?"

"Na dawo, Dada."

"Ashe kusa ne," ta ce.

Loma biyu ta iya ci. Ranar Juma'a bayan azahar ta rasu.